Wuƙar Batir Mai Doguwar Ƙota

Kuna sayo makashin batir a cikin kwali, ku ɗaure shi da noti biyu kafin shayi ya huce, sannan ɗayanku ya waigo ya ce mini, "Usta Isa, wai wannan ma aiki ne?" Aiki ne mana, ku ne dai kuka tarar an gama wahalarsa. A zamaninmu ba a sayen abin nan a kanti. Ƙera shi ake yi, kuma sai an auna mota an auna mai tuƙa ta. Larabawa suna ce masa sikkina, mu kuma wuƙa, don tun daga bakin batir yake yanke wuta, ko'ina ka taɓa a jikin mota ka ji shiru. Na ƙera wuƙaƙen nan da yawa, yawanci na manta da su. Wadda na yi wa Habu ce zan ba ku labarinta, in kun ga dama ku ajiye sifanun nan ku saurara.

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin Hausawa da ke nan cikin Larabawa, gidanmu manoman bakin kogi ne. Da na tasa aka kai ni Sinnar wurin wani Balarabe, Usta Daf'allah, mai gyaran wutar mota a bayan kasuwar hatsi. Usta ake ce wa gwanin sana'a. Mutum ne marar yawan magana, hannunsa kan riga bakinsa isowa ƙeyar mutum. Na daɗe a warsharsa, wato garejinsa, ban taɓa waya ba. Aikina kankare kan batir da juye ruwansa, ruwan nan kuwa cin tufa yake yi, rigunana duk suka huhhuje, innata ta yi ta zagin ɓerayen Sinnar. Ranar da ya ga dama ya fara koya mini, sai ya ɗauki guntun waya mai kauri ya gitta ta a kan kawunan batir biyu. Kafin in ƙifta ido ta yi jawur, ta narke ta ɗiga ƙasa. Ya ce akwatin nan ba ya tambayar inda wuta za ta. In babbar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, haka za ta yi, kuma ko ka kashe inji ka zare makulli ba ta fasawa. Magani ɗaya ne, a raba batir da mota. Ya ce in share dalmar da ta ɗiga, ya koma kan aikinsa.

Lokacin ana aikin madatsar ruwa a Damazin, lorori na ta zirga-zirga zuwa kudu, wasu da siminti, wasu da 'yan ƙodago zuwa gonakin dawa na Dali da Mazmum. Ba kwalta ko taku ɗaya. Da rani baƙar ƙasar nan takan tsage, mota ta yi ta kakkarwa har haƙoran mutum su yi tsami. Da damina kuma laka ce, lori ya shiga rami ya murɗe, ƙarfen ƙasansa na kuka. Wayoyin zamanin da zane da roba aka naɗe su, gogar wata biyu ta ishe su. Shi ya sa kowane direban hanyar kudu ke da sifana ɗaya da ba ya ba kowa aro. In an tsaya hutu ya kwance kan batir, in ya ji warin roba a tafiya ya dira da sifanar a hannu.

Habu sa'ana ne, unguwarmu ɗaya. Lorin kawunsa yake ja, Alhaji Mu'azu mai fataucin riɗi da dawa. Wata rana yana dawowa da lodin riɗi ta wajen Sinja, hayaƙi ya taso masa daga ƙarƙashin kujera. Ya lalubi sifana, ashe gargada ta gangarar da ita wani lungu. Ya dira hannu sake, ya kama kan batir da hannu biyu yana murɗawa, ƙarfen kuwa ya riga ya ɗau zafi. Bai iya cirewa ba. Lori ya ƙone har tayoyi, riɗi ya yi ta ci saboda mai. Da hannuwansa suka warke, yatsun dama sun manne da juna sun lanƙwashe kamar ƙugiya. A hagu babban yatsa da manuni ne kawai ke motsi, su ma ba ƙarfi. Amma tuƙi bai gagare shi ba. Yakan maƙala na dama a sitiyari, ya tura giya da tafin hagu, yatsun nan biyu su riƙe kan sandar kada ta kuɓuce. Na zauna kusa da shi ya ja mota, wallahi ya fi masu yatsu goma da yawa.

Alhaji Mu'azu ya sayi wani lori, ya ce zai nemi direba, shi Habu ya zauna a sito yana duba awon hatsi. Habu ya ce in zaman sito ne gara a kai shi maƙabarta, ita ma zama ake yi. Suka yi ta ja, har uwar Habu ta sa baki wurin ɗan'uwanta. A ƙarshe Alhaji ya gindaya sharaɗi ɗaya. Ya ce ba tuƙin yake tsoro ba, wuta yake tsoro, don lorin ga mutane zai riƙa ɗauka. Musa'id, wato mai taimakon direba, a can bayan lodi yake zama, kafin ya sauko an gama. "Ka gwada mini kana iya kashe wutar mota da hannunka, kai kaɗai, in ba ka makulli. In ba ka iyawa, sito na nan."

Lokacin na riga na buɗe tawa warshar. Habu ya shigo da hantsi, bai ko zauna ba, ya ɗora hannuwan a kan teburin aikina tsakanin magagari da guduma.

"Isa, an ce kai ma ka zama usta. To ga aiki na kawo maka."

"Ni wutar mota nake gyarawa, ba ni da kayan gyaran wannan."

"Ba gyara na ce ba. Auna su za ka yi."

Ya gaya mini sharaɗin kawunsa. Na miƙa masa sifana, ya kama, da ya zo murɗawa ta suɓuce ta faɗi a ƙafarsa. Ina da wata tsohuwar wuƙa irin ta gidan famfo, mai ɗan ƙulun katako a kai, na ce ya ja. Yatsun biyu suka zame daga ƙulun. Na ce to mi kake iyawa, ban da cin wainar kisira? Ya maƙala wuyan hannunsa na dama a damtsena ya fizga ƙasa, sai ga ni durƙushe. Nan na gane inda ƙarfinsa yake. Ba abin kamawa zan yi masa ba, abin maƙalawa zan yi.

Shekarar kuwa mummuna ce ga masu sana'armu. Kaya ba sa zuwa daga bakin teku, kantunan kayan mota a Sinnar da Madani sai ƙura a kan kanta. Batir in ya mutu ba a yar da shi. Mukan narka kwaltar bakinsa, mu zaro farantan ciki, mu haɗa masu sauran rai na batir biyu mu tada ɗaya. Waya kuwa daga gawar mota muke warwarowa. Masu warsha da dama sun rufe sun tafi tsinkar auduga a Jazira, ni ma akwai ranakun da ban ɗaga guduma ba. Saboda haka jan ƙarfen wuƙar Habu sai da na je har Wad Haddad nemansa, na samo shi a juji, sanda ɗaya da aka cire daga wani mataccen injin ban ruwa, faɗinta yatsa biyu.

Ga yadda aka yi ta. Gindi na katakon bagaruwa ne, na dafa shi cikin man riɗi da kakin zuma har ya daina kumfa, don kada ya sha ruwa da damina wuta ta bi ta cikinsa. Sandar jan ƙarfe na raba ta uku da zarto: doguwa ita ce harshen wuƙa, gajeru biyu na lanƙwasa su suka zama baki da gindin juyawa. Bakin nan shi ne dukan aikin. In ya yi sako-sako, gargada ta riƙa buɗe shi, wuta na tsalle tana cin ƙarfen. In ya matse da yawa, mutum ya ja ya kasa. Na ɗaure shi ta baya da guntun sifirin na kulocin mota, na yi ta gogawa da magagari ina shafa baƙin fitila a harshen, in rufe in buɗe in duba inda bai taɓa ba, in sake gogawa. Ku da ba ku iya zama kan abu ɗaya sai kun leƙa titi, wannan kaɗai ya isa ya kore ku daga sana'a. Kawunan waya kuma bututun jan ƙarfe na fyaɗa, na cusa wayar ciki, na cika da narkakkiyar dalma a kan gawayi.

A wayar ardi na sa ta, wadda ke haɗa batir da jikin mota. A nan ake sawa, don ko wani ƙarfe ya faɗo mata ya haɗa ta da jikin lori ba abin da zai tashi. Habu ya so a shigar da ita cikin gidan mota kusa da kujerarsa. Na ce akwatin batir yana waje, ta ɗaya gefen, bayan matakala. Kafin in kai waya kujerarka na ƙara maka kamu biyu na abin da zai goge. Kuma in hayaƙi ya cika gidan mota, waje za ka fita, ba ciki za ka tsaya lalube ba. Ya ce haka ne. Na kafa ta taƙi ɗaya daga batir, jikin ginshiƙin bodi. Na sa ta yadda in ƙota na sama wuta na tafiya, in an ja ta ƙasa ta yanke, don abin da ya sassauta ƙasa yake faɗuwa, gara ya faɗi ya kashe wuta da ya faɗi ya kunna ta.

Ƙota na bari ƙarshe. Na samo ƙotar fartanya mai lanƙwasa a kai, na sa Habu ya tsaya a gefen lori ya ɗaga hannu, na auna daga wuyan hannunsa. Ta fito doguwa, ta kusa kamu ɗaya, kanta ya leƙo waje ya karkata sama yadda hannunsa zai faɗa ciki ko da gudu ya zo, ko idonsa a rufe. Na goge ta sumul saboda fatarsa sabuwa ce, ba ta son kaushi. Masu warshar kusa da ni suka zo kallo, wani ya ce Usta Isa ya yi wa lori ƙaho.

Muka kai motar Mai Wurno, ƙofar gidan Alhaji. Ya sa aka fito masa da kujera. Habu ya hau ya kunna fitilu, aka danne ham tana ta ihu. Alhaji ya ɗaga sanda, Habu ya dira, ya zagayo ta gaban mota, ya jefa hannu cikin ƙota ya sauke. Ham ta ɗauke kamar an toshe mata baki. Alhaji ya ce a sake. Aka sake. Ya tashi da kansa ya gwada, ya duba ƙasa ya duba sama, ya tambaye ni ko ruwa na ɓata ta, na ce a riƙa shafa mata giris. Ya laluba aljihun jallabiyarsa ya ciro makulli.

"Ungo. Amma ka sani amanar mutane ce a bayanka, ba riɗi ba."

"Na sani, Kawu."

Duk ranin nan Habu yana kan hanyar kudu. In ya biyo Sinnar yakan tsaya in duba bakin wuƙar, ya sha shayi, ya zage ni ya wuce. Direbobi suka gani suka fara zuwa a yi musu, su nakan sa musu ɗan gajeren ƙulu. Da wannan aikin na fita daga shekarar.

Da ruwa ya sauka Habu ya ɗauki masu noman ƙodago zuwa Dali, maza da mata da 'ya'yansu a saman kaya, ga gangar man mota ɗaure bayan gidan direba, don babu inda ake sha a hanya. Ku ba ku san salka ba, kun tashi cikin jarkar roba. A lokacin duk matafiyi da salkarsa ta fatar akuya, kuma a jikin lori ake rataye ta ta waje, iska na bugunta ruwa ya yi sanyi. Duk abin da ya leƙo daga jikin mota maratayi ne, ba wanda ke neman izini. A wani ƙauye wata dattijuwa, Inna Dije, mai dafa wa 'yan ƙodago abinci, ta tare su. Habu bai sauko ba, don in ya daɗe tsaye a laka mota nutsewa take yi. Ta hau ta gefen batir, ta ga ƙota mai santsi mai lanƙwasa, ta rataya salkarta. Nauyin ruwa ya fara rinjayar ƙotar ƙasa. Ita mace ce mai kula da kayan mutane, ta ɗauka maratayin direba ne ya sassauta. Sai ta mai da shi sama, ta kwance tsirkiyar fata daga kayanta, ta naɗe shi tam da ginshiƙin bodi, ta ƙulle. Salka na tsatsafo, ƙullin ya jiƙe ya kumbura.

Bayan azahar suka kafe a wani kwari. Aka shimfiɗa farantan ƙarfen da ake sa wa taya, musa'id na can baya cikin laka har cinya. Habu ya ba mota wuta, faranti ɗaya ya yi tsalle ya daki ƙasan lori, ya matse babbar wayar tada inji da ƙarfe, ya yanke mata riga. Hayaƙi ya taso daidai ƙarƙashin gangar mai. Habu ya dira ya zagayo, ya jefa hannu cikin ƙota ya ja. Ba ta motsa ba. Ya rataya da dukan nauyinsa, fatar ta miƙe kaɗan ta riƙe. Ya ce a ba shi wuƙa, amma maza na ta dirowa ta ɗaya gefen, mata na miƙo 'ya'ya, ba wanda ya ji shi, kuma kayan aikinsu duk suna ɗaure ƙarƙashin lodi. Ya kai haƙora ga ƙullin, zafin jan ƙarfe ya kore masa fuska. Mai yatsu da ya tsinke ƙullin nan ko ya zare shi. Shi sai ya kama wayar ardi kanta, nan gindin wuƙa, da yatsunsa biyu na hagu, ya tallafa da ƙugiyar dama, ya taka matakala ya fizga. Dalmar da na cika kan wayar da ita ta riga ta yi laushi don zafi. Wayar ta zaro, wuta ta yanke, dalmar ta kwararo masa a hannu.

Ba wanda ya ƙone cikin fasinja, lori ma waya ɗaya ya rasa. Su suka ba ni labarin yadda aka yi, shi bai taɓa ba ni ba. A asibitin Sinnar aka cire masa yatsun nan biyu. Inna Dije ta bar aikin Dali ta biyo shi, kullum tana kawo masa kunu tana kuka a bakin gado. Ina wurin ya ce mata, "Inna, bari kukan ga. Ni ma in na ga maratayi mai kyau awa wanga, salka zan sa mishi." Alhaji Mu'azu ya zo, ya dubi hannun, bai ce komai game da makulli ba, bai karɓa ba, bai kuma ba kowa motar ba. Lori ya zauna a ƙofar gidansa har ruwa ya ɗauke.

Ni kuwa na riƙa tunanin aiki. Wuyan hannunsa na dama yana nan lafiya, ƙota za ta yi masa kamar da, sai dai a yi mata gida na kwano mai murfi da za a ture da gwiwar hannu. Giya ce matsala, na fara tunanin wani zobe na fata a kan sandar da zai zura dungun hagu ciki. Har na yanka fatar na ajiye.

Bayan kaka na ji ƙugin lorin a ƙofar warsha, na san shi da kunne. Na fito da igiyar awo a wuya. Habu ya sauko, amma ta gefen fasinja. A kan sitiyari wani mutum ne daga Hasahisa, ban san shi ba, ya yi sallama ya tafi neman shayi. Wuƙar na nan yadda take, an tsallake ta an ɗaure wayar ardi kai tsaye a jikin mota, tsirkiyar ma ba a kwance ba, ta bushe ta ƙandare. Na yanke ta. Na fara gaya wa Habu zancen murfi da zoben giya, na ce ya miƙo hannu in auna.

Ya mai da hannuwan cikin hannun riga.

"Na gwada, Isa. Na sa an ɗaure mini shi da rawani a jikin giya, na zagaya fili bayan gari. Kan tudu yana yi. In ta kafe cikin laka, ana son gaba da baya da sauri, ba ya yi. Ni na kai ma Kawu makulli, ba shi ya tambaya ba."

Na ce a bari in gwada zoben tukuna.

"Mutane ne a baya," ya ce. "Bari awo. Ka mai da waya, ƙotar ga kuma ka rage ta, ka yi ta gajera irin ta kowa." Ya nuna mai shan shayin da haɓa. "Shi yana da yatsu."

Na kwance ƙotar na ɗora a kan tebur, na ɗauko zarto. Itacen na ta mirginawa saboda santsi, sai Habu ya matso ya danne mini shi da gwiwar hannu har na gama yankewa.